Kundin Gyaran Tsohon Injin Jirgin Ruwa da Ƙarfinsa Ya Ragu

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Injin da wannan kundi ya shafa Yamaha Enduro ne mai ƙarfin doki 40, silinda biyu, kafireta ɗaya, irin wanda ake tayarwa da igiya kuma ake haɗa masa fetur da man inji a tanki guda. Na hannu muka saye shi, ya kuma sha aiki kafin ya zo wurinmu. Yana ɗaure ne a bayan jirgin katako da ƙanena yake tuƙawa a Yauri, yana ɗaukar fasinja da buhuna tsakanin ƙauyukan bakin tafkin Kainji, musamman ranakun kasuwa.

Ƙorafin da ƙanena ya kawo shi ne injin yana tashi lafiya, kuma idan yana furi aka murɗa totur sai ya yi ƙara kamar sabo, amma da zarar an sa giya da lodi a cikin jirgi sai ya yi nauyi, bayan ɗan lokaci kuma ya fara shaƙewa yana ja da baya, har sai an matsa robar tiyon mai da hannu sannan ya farfaɗo. Shan mai ya ƙaru, hayaƙi ma ya ƙaru. Ya ce mini, "Yaya, gara a sauke shi a sa sabbin ringi kawai." Ban amince ba, domin sauke inji shi ne aiki mafi tsada, kuma babu wanda ya auna komai tukuna.

Ƙarar da inji yake yi a furi ba shaidar lafiya ba ce, domin juya kansa kaɗai ba ya buƙatar wani ƙarfi, har injin da silinda ɗaya ta mutu yana iya yin ta. Saboda haka na tsayar da ƙa'idar gwaji guda da za mu riƙa bi har ƙarshen aikin: mutum uku a cikin jirgi, buhun masara goma a tsakiya, hanya ɗaya, totur a buɗe gaba ɗaya. Na ɗaura ƙaramar na'urar ƙirga juyi, wadda ake naɗa wayarta a jikin wayar fulogi. Kamfanin ya ƙayyade cewa wannan inji ya riƙa juyi tsakanin 4,500 zuwa 5,500 a minti idan an buɗe masa totur duka. Namu ya tsaya a 3,700, bayan kamar minti biyar kuma ya sauko wajen 3,200 yana tari. Wannan shi ne ma'aunin farko da za a riƙa kwatanta sauran da shi.

Alhamis, 9 ga Janairu, 2025

Yau na kai injin wurin wani dattijon bakanike da ya daɗe yana gyaran injinan jirgi a bakin ruwa, muka fara da auna matsin silinda, domin idan fistin da ringi sun mutu duk abin da za a yi wa kafireta ɓata lokaci ne. An ɗumama injin a cikin durom na ruwa, aka cire fulogi biyun, aka haɗa wayoyinsu da jikin inji, aka buɗe totur, aka ja igiya har allurar geji ta daina hawa. Silindar sama ta ba da 118 psi (ma'aunin matsi ke nan), ta ƙasa ta ba da 111. Geji da geji sukan bambanta, don haka abin lura shi ne tazarar da ke tsakanin silindun biyu, wadda makanikai ba sa son ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Tamu ba ta kai kashi 10 ba. Inji ne da ya tsufa, amma bai kai a buɗe cikinsa ba, kuma maganar sabbin ringi ta kwanta a nan.

Fulogin su ne suka fi ba da labari. Na sama a bushe yake, bakinsa ya yi fari-fari fiye da yadda ake so, alamar mai yana yi masa kaɗan. Na ƙasa kuwa baƙi ƙirin ne, a jiƙe, yana warin ɗanyen fetur. Kafireta ɗaya ce take ciyar da silindun biyu, saboda haka da laifin nata ne ita kaɗai da fulogin sun yi kama da juna. Dattijon ya juya su a tafin hannunsa ya ce, "Malam, ɗaya yana jin yunwa, ɗaya ya ƙoshi har ya yi amai, kuma tukunyarsu ɗaya." Na ce, "Baba, wuta fa?" Sai ya ɗauko abin gwajin tartsatsi ya buɗe tazararsa kamar milimita 7, kowace waya ta ba da wuta shuɗiya mai ƙarfi. Kwayil da akwatin CDI, wato kayan da ke ba fulogi wuta, sun fita daga zargi a yanzu, ko da yake kayan wuta sukan yi lafiya da sanyi su gaza idan sun yi zafi, don haka na bar wannan a rubuce.

Mun sa sabbin fulogi NGK B7HS da tazarar baki tsakanin milimita 0.6 da 0.7. A gwajin yamma injin ya kai 3,800, sannan ya koma halinsa.

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Ranar hanyar mai ce, daga tanki har bakin inji. Na tsiyayi man ƙasan tanki a farar kwalba na ajiye a inuwa, ba a jima ba ruwa ya kwanta a ƙasa kaurin ɗan yatsa, da wani jan gari na tsatsa a tare da shi. Wannan bai ba ni mamaki ba. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023 farashi ya tashi, yawancin masu jirgi a nan kaɗan-kaɗan suke saye a wurin 'yan bumburutu, a jarkokin da suke kwana a waje cikin raɓa, ga kuma ruwan da ke fantsama kan tanki a lokacin tafiya. Ruwa ya fi fetur nauyi, bututun da ke zuƙar mai kuma daga ƙasan tanki yake sha, don haka shi ne farkon abin da ke isa kafireta idan jirgi ya ɗaga hanci.

An wanke tanki an shanya shi. Ƙaramin notin da ke kan murfin tanki, wanda ake kwancewa domin iska ta shiga yayin da mai ke raguwa, ya toshe da ƙurar hunturu da maiƙo, har tankin yakan yi ajiyar zuciya idan an buɗe murfin bayan tafiya. Tiyon ya bushe ya tsattsage kusa da mahaɗinsa da inji, kuma ƙaramar robar da ke cikin mahaɗin ta lotse. Irin wannan tsaga ba lallai ta zubar da mai a gani ba, domin wannan ɓangare zuƙa yake yi, sai dai ta riƙa shigar da iska. Na tabbatar da haka ta hanyar sa guntun farin tiyo kafin famfon mai, muka ga kumfa tana bin sa a jere. Mun sauya tiyo da robar matsawa da mahaɗi, muka wanke kofin matacin mai.

Sakamakon gwaji shi ne 3,900, kuma shaƙewar ta jinkirta, amma ba ta tafi ba. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: sabuwar roba ce, duk da haka komai matsa ta ba ta yin tauri sosai. Idan kwanon kafireta ya cika, allurarsa ta rufe, ya kamata robar ta ƙi matsuwa. Tunda tana ci gaba da karɓa, akwai inda man yake tafiya.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

An sauke kafireta. Kafin a kwance sukurun daidaita silo, wato juyin inji idan ba a murɗa totur ba, na ƙirga juyinsa zuwa ciki na rubuta, domin a mayar da shi inda yake. A ƙasan kwano akwai ɗigon ruwa da wani koren dafi, babban jet, wato ɗan ramin da ke auna man da ke shiga inji, ya rage faɗi da datti, ƙananan ramukan bututun da ke samansa kuma wasu sun toshe. Na hana yaron shago zura waya a cikin jet, domin tagulla ce mai laushi, idan ramin ya buɗe ko kaɗan lissafin mai ya lalace har abada. Da man wanki da iskar famfo aka yi aikin. Allura da mazauninta lafiya suke, na busa da baki kafireta tana kife iska ba ta wuce ba, ke nan ba ta nan man yake zurarewa ba.

Silo ya gyaru, tashi ya yi sauƙi, juyi ya kai 3,950. Sabon fulogin ƙasa ya riga ya yi baƙi.

Laraba, 22 ga Janairu, 2025

Yau aka gano babban laifin, kuma ya kamata a yi bayaninsa dalla-dalla domin yana rikita mutane da yawa.

Inji mai bugu biyu ba shi da kwanon baƙin mai kamar na mota. Cakuɗen iska da fetur da man inji yana fara shiga ɗakin kiranshaf ne ta wasu siraran bawul masu kama da harshe, fistin ya sauko ya matse shi, sannan ya haura ta ramukan gefen silinda zuwa inda zai ƙone. Kowace silinda tana da ɗakinta a rufe, kuma a cikin ɗakin matsi yana hawa yana sauka da kowane juyi. Famfon mai ba shi da giya, ba shi da lantarki, da wannan hawa da saukar yake aiki: akwai ƙaramin rami daga ɗakin kiranshaf zuwa bayan wata siririyar roba a cikin famfon, robar tana kai da komo, tana zuƙo mai daga tanki tana tura shi kafireta. Wannan roba ita kaɗai ce shamaki tsakanin ɗanyen fetur da cikin inji.

Muka kwance notin biyu da ke riƙe famfon muka janye shi daga jikin inji, tiyoyinsa suna haɗe, na matsa robar tiyo. Nan take fetur ya tsarto ta ramin baya, inda iska kaɗai ya kamata ta bi. Da aka buɗe famfon aka ɗaga robar a hasken rana sai ga tsaga kamar tsawon ƙwayar shinkafa kusa da gefenta, robar kuma ta bushe ta yi kwanto ta daina komawa daidai.

Wannan tsaga ɗaya ta bayyana abubuwa uku da suka yi kamar suna karo da juna. Famfon ya rage ƙarfi, don haka idan an buɗe totur kwanon kafireta yana raguwa a hankali har inji ya fara shaƙewa, shi ya sa fulogin sama ya yi fari. Man da ya bi ta tsagar yana faɗawa kai tsaye ɗakin silindar ƙasa, inda famfon yake karɓar bugunsa, shi ya sa fulogin ƙasa yake jiƙewa kuma hayaƙi da shan mai suka ƙaru. Matsa robar da ƙanena yake yi a tsakiyar ruwa yana cika kafireta na ɗan lokaci, amma yana ƙara ɗura wa silindar ƙasa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne halin silindar sama, domin a injin da ake haɗa mai a tanki, ƙarancin fetur yana nufin ƙarancin man da ke sa wa fistin da boris santsi, ga zafi yana ƙaruwa. Da an ci gaba da lodi a haka, ƙarshenta fistin ne zai kama a tsakiyar tafki.

A ganina ba a wasa da wannan a ruwan Kainji. Duk mutumin yankin nan yana tuna hatsarin jirgin da ya auku kusa da Wara a watan Mayu na 2021, wanda aka yi asarar rayuka masu yawa. Jirgin da injinsa ba ya iya ture shi gaban iska da igiyar ruwa, ko da bai mutu gaba ɗaya ba, ya riga ya fita daga hannun matuƙinsa. Na ce wa ƙanena jirgin ba zai ɗauki fasinja ba sai an gama aikin, ya ɓata rai saboda kasuwanni biyu za su wuce shi, amma ya bi.

Akwai robar famfo a shagunan kusa, sai dai da na taɓa ta na ji ta yi kauri kamar ta tayar keke. Na aika Legas a kawo ta asali, tare da fakin na murfin salansa da imfela, wato robar da ke zuƙo ruwan sanyaya inji, da sil mai hana ruwa shiga ƙafar inji.

Laraba, 29 ga Janairu, 2025

Kaya sun iso, an haɗa famfo da sabuwar roba da fakinta. Robar tiyo yanzu tana yin tauri bayan matsa kaɗan. A gwaji injin ya riƙe 4,100 tun daga tashi har dawowa ba tare da ya yi tari ko sau ɗaya ba, fulogi biyun kuma suka fito da launin ƙasa-ƙasa iri ɗaya. Ƙanena ya ce aiki ya ƙare. Na nuna masa na'ura, har yanzu da sauran 400 kafin a taɓa ƙasan ma'aunin kamfani, kuma injin da ke aiki ƙasa da ma'auninsa da totur a buɗe wahala yake sha, yana tara kunkunniya, yana zafi.

Da inji a kashe na murɗa totur har ƙarshe na leƙa maƙogwaron kafireta da tocila. Faifan da ke buɗe wa iska hanya bai kwanta daidai ba, ya rage kamar kashi ɗaya cikin biyar. Wayar totur ta saki, ƙaramin gangar da ke bin ƙarfen turawa kuma ya cinye ta gefe ɗaya. A wannan inji hannun totur yana yin aiki biyu a tare, yana buɗe kafireta yana kuma gabatar da lokacin tartsatsi, don haka idan bai kai ƙarshe ba an yi asara ta fuska biyu. Dattijon ya sauya gangar, ya ɗaure wayar, ya daidaita alamomi bisa littafin gyara. Mun kuma cire fulawil, wato faifai mai nauyi da ke juyawa a saman inji, muka duba ɗan makullin da ke riƙe shi a kan kiranshaf, domin idan farfela ta daki abu da ƙarfi yakan karye ko ya goce, lokacin wuta ya kauce. Lafiya lau yake.

Juyi ya kai 4,250.

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Buɗe murfin salansa ya ci yini guda. Notin sun daɗe ba a taɓa su ba, ƙarfe a cikin alminiyam, sai da aka jiƙa su da mai tun jiya, aka ɗan gasa gefensu, aka riƙa kwancewa ana mayarwa a hankali. Babu wanda ya karye, kuma wannan albarkacin ruwan daɗi ne, domin injinan da suka yi aiki a ruwan gishiri na bakin teku ba kasafai notinsu ke fita lafiya ba.

Abin da muka tarar a ciki ya wuce zatona. Ramukan fitar hayaƙi na silindun biyu sun rage faɗi da baƙar kunkunniya mai tauri, ta ƙasa ta fi muni, har sai da aka sa katako mai kaifi aka riƙa ɓamɓaro ta ɓawo-ɓawo, fistin yana rufe da ramin domin kada ɓarɓashi ya faɗa ciki. Inji mai bugu biyu ba shi da wani bugu na musamman na korar hayaƙi, sabon cakuɗen da ke shigowa ne yake ture tsohon, duka a cikin ƙiftawar ido. Idan ƙofar fita ta ƙuntata, hayaƙi yana saura a ciki ya cinye wurin sabon mai, kamar murhun da toka ta cika, ko an ƙara itace wutar ba ta ci. Ta ramin na taɓa ringi da tsinke, suna motsi suna dawowa, gefen fistin kuma babu zane mai zurfi.

Tushen wannan kunkunniya man da ake haɗawa ne. Da na bincika sai na ji cewa idan man bugu biyu ya yanke a bakin ruwa, baƙin man mota ake zubawa, kuma awon da ido ake yi, da gwangwanin madara, ana ƙarawa "don inji ya ji daɗi". Man mota an yi shi ne ya zauna a kwano yana zagayawa, ba domin ya ƙone ba, sinadaran da ke cikinsa suna barin toka a kan fistin da fulogi da ramin salansa. Ko man bugu biyu na babur ba shi ne daidai ba, domin injin babur iska ke sanyaya shi yana aiki da zafi sosai, na jirgi kuwa ruwa ke sanyaya shi. Man da ya dace shi ne mai ɗauke da alamar TC-W3 a jikin robarsa. Awon da muka tsayar shi ne 50 da 1, wato mililita 20 na mai a kowace litar fetur, tanki mai lita 24 zai ci mililita 480. Na yanka farar roba na yi mata zane a lita 5 da 10 da 24, na ɗaure ta da igiya a jikin tanki. Yawan mai ba ya ƙara wa inji ƙarfi, kuma wannan magana sai da dattijon ya maimaita ta da bakinsa kafin ƙanena ya karɓa.

Tunda murfi yana buɗe muka wanke hanyoyin ruwan sanyaya, waɗanda laka da ƙananan bawon katantanwa suka fara cikewa. Tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya ɗumama, yana nan, na jefa shi a ruwan zafi ya buɗe, muka mayar. Wasu makanikai cire shi suke yi su yar, ni ban ga hikimar haka ba, domin injin da ba ya ɗumama yadda ya kamata ya fi tara kunkunniya.

Da sabon fakin da sabon haɗin mai, juyi ya kai 4,400, ƙarar injin ma ta sauya, ta yi kaifi.

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

An koma ƙafar inji. Da aka cire farfela sai ga zaren kamun kifi ya naɗe sandarta ya narke ya zama kamar zobe, ya ci bakin sil. Man giya ya fito fari kamar kunu, alamar ruwa ya shiga, amma babu ɓarɓashin ƙarfe a jikin notin tsiyaya, haƙoran giya kuma ba su ci ba. An sa sabon sil, an ɗura man giya mai lamba 90 ta ramin ƙasa har ya fito ta na sama, an sauya imfela wadda fukafukanta suka lanƙwashe suka daina miƙewa. Fitsarin inji, wato siririn ruwan sanyaya da ke tsartowa waje, ya ƙara ƙarfi.

Farfelar kanta ta sha duka. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya rufe gonaki da dazuka da tsoffin garuruwa, kuma har yau akwai kututture a ƙarƙashinsa da ba a gani sai an hau. Fuka-fuki biyu sun lanƙwashe a baki, ɗaya ya ɓalle kaɗan. Na ja layi da fenti daga tsakiyar farfela zuwa jikinta kafin gwajin da ya gabata, domin in ga ko robar da ke tsakiya tana sulɓewa, layin bai goce ba. Dama alamar sulɓewa daban ce, inji yakan yi ihu jirgi kuma ya ƙi tafiya, namu kuwa nauyi yake yi.

Lambar da ke jikinta ita ce 11⅛ da 13. Lamba ta biyu tana nufin tazarar inci da farfela za ta ci a juyi ɗaya, kuma 13 ta dace da jirgi marar nauyi mai gudu a saman ruwa, ba jirgin katako mai buhuna ba. Abin da aka saba gani shi ne rage inci ɗaya yana ƙara juyi 150 zuwa 200. Na samo mai lamba 11⅝ da 11. Ƙanena ya ƙi ta da farko, ya ce, "Yaya, ai wannan ta masu jan kwale-kwale ce, za a riƙa wuce ni a hanya." Muka gwada da agogo tsakanin alamomi biyu na bakin gaɓa. Da lodin gwaji, sabuwar farfela ta kai injin 4,800, kuma ta riga tsohuwar isa. Da jirgi babu kaya tsohuwar tana da ɗan rinjaye, sai dai jirgin nan ba ya samun kuɗi idan babu kaya.

Na lura kuma cewa farantin da ke saman farfela ya nutse ƙasa da gindin jirgi fiye da kima, domin katakon da inji ke zama a kai ya cinye. An ƙara masa sabon katako, an daidaita fil ɗin jingina yadda ƙafar za ta tsaya a miƙe idan an yi lodi. An jawo jirgin tudu aka kankare gansakuka, aka toshe wurare biyu da ke yoyo a ƙarƙashin dabe, inda ruwa yake kwanciya ba a gani.

Asabar, 15 ga Fabrairu, 2025

Gwajin farko da aikin gaske, da fasinja kowa da rigar ruwa, da kaya daidai alamar lodi da na sa a yi da fenti a gefen jirgi. Da lodin gwaji na ƙa'ida injin ya ba da 4,950, da cikakken lodin kasuwa kuma 4,650, duka a cikin ma'auni. An yi tafiya mai tsawo har inji ya yi zafi sosai bai yanke wuta ba, don haka na soke zargin da na bari a kan kayan wuta. A dawowa iska ta taso daga arewa, jirgin ya riƙe hanyarsa ba tare da an buɗe totur duka ba.

Injin doki 40 irin wannan yana iya shan abin da ya kai lita 20 a awa idan an matse shi har ƙarshe, kuma shan yana raguwa sosai idan an sassauta zuwa kashi uku cikin huɗu, alhali gudun jirgin katako kaɗan yake raguwa. A da ƙanena ba shi da zaɓi, dole ya matse. Yau tankin da ba ya isa zuwa da dawowa ya isa har da saura.

Laraba, 19 ga Fabrairu, 2025

Na sake auna matsi da geji ɗin farko: sama 120, ƙasa 116. Silindar ƙasa ta ɗan farfaɗo tun da fetur ya daina wanke mata mai.

Abu ɗaya ya rage. Da sanyin safiya silo yana rawa, wani lokaci injin yakan yi atishawa ta kafireta ya mutu idan an sa giya kafin ya ɗumama. Dattijon yana zargin sil na ƙasan kiranshaf ya fara shigar da iska, ni kuma ina ganin ya kamata a fara duba siraran bawul ɗin da ke bayan kafireta, domin cire su bai kai wahalar ɗaga kan inji daga ƙafarsa ba, kuma idan bakinsu ya daina kwanciya daidai irin wannan atishawar suke kawowa. Mun yi matsaya cewa za a duba bawul ɗin ranar da babu kasuwa a mako mai zuwa, idan lafiya suke a yi odar sil.

Kafin nan jirgin zai ci gaba da aiki bisa sharaɗi uku da na rubuta wa ƙanena: a tace kowane fetur a bar shi ya kwanta a farar jarka kafin ya shiga tanki, a cire farfela duk ranar Juma'a a duba zare, a kuma kawo mini fulogi biyun in gani bayan kowace kasuwa. Ruwan tafki zai fara ja baya idan zafi ya shigo, kututture su matso sama, saboda haka na ba maƙeri tsohuwar farfela ya miƙe ta a ajiye a cikin jirgi tare da noti da fil na ko-ta-kwana.